Ku Kaɗan Ne, Amma Amsar Tana Hannunku

Wannan kira naku ne, 'yan sashen talla na ƙananan kamfanonin da ke sayar da manhajar biyan wata-wata. Ku biyu ne ko uku a ofis. Wani wurin ma mutum ɗaya ne ke rubuta talla, shi ke tura imel, shi ke amsa ƙorafin kwastoma da tsakar dare, ga oga kuma yana tambayar me ya sa ba a ganin kamfanin a shafin farko na Google. Kada jikinku ya mutu. Aikin SEO, wato gyara shafin intanet yadda injin bincike zai kai mai nema gare shi, yana cikin 'yan fagagen da mai ƙaramin ƙarfi ke iya kayar da mai kuɗi.

Google da kansa ya sha faɗa cewa kashi 15 cikin ɗari na abin da ake nema a kullum bai taɓa ganin irinsa ba. Manyan kamfanoni sun yi cincirindo a kan gajerun kalmomi irin su "manhajar lissafi", kuma a can ba ku da ƙarfin ja da su, ku bar musu. Amma ku dubi mai kantin magani da ya rubuta "yadda zan gane maganin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa a shagona". Wannan ba yawon buɗe ido ya fito ba. Matsala ce ta ishe shi, kuma a shirye yake ya biya wanda ya raba shi da ita. Masu irin tambayarsa ba su da yawa, amma kusan kowannensu mai saye ne.

To wa ya san irin waɗannan tambayoyi? Ku ne. A babban kamfani, tsakanin mai rubuta talla da kwastoma akwai sassa da taruka da jiran sa hannun shugabanni. Ku kuwa teburinku na jikin na mai amsa waya, kuna jin kalmomin da mai saye ke faɗi da bakinsa. Abin da wasu ke biyan dala su yi hasashensa, ku yana zube a akwatin saƙonku.

A kan haka kamfanin Zapier ya ginu. A 2011 mutum uku suka fara shi a garin Columbia na jihar Missouri a Amurka: Wade Foster da Bryan Helmig da Mike Knoop. Manhajarsu tana haɗa wata manhaja da wata ne, sai suka lura cewa mutane ba sa neman "haɗa manhajoji". Kowa sunan nasa biyun yake bugawa, a ce Gmail da Slack. Suka ware wa kowace manhaja shafinta, kowane haɗi na biyu shi ma nasa shafin. Ko wane shafi ƙarami ne, tambaya ɗaya yake amsawa, amma da suka taru suka zama dubbai sai suka zama babbar ƙofar shigowar kwastomomi.

Buffer kuma, wanda Joel Gascoigne ya fara a Birmingham ta Ingila a 2010, da alƙalami ya tashi. Abokin aikinsa Leo Widrich ya rubuta maƙaloli kusan 150 a shafukan wasu cikin wata tara, masu amfani da manhajar suka kai dubu 100. Wannan wahala ba ta faɗi ƙasa banza ba, domin tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, yana ɗaukar mahaɗin da wani shafi ya yi zuwa naka a matsayin shaidar cewa kana da abin faɗi. Shaida kuwa ba ta da daraja sai in mai mutunci ne ya ba da ita don kansa.

Nan ne za a zo muku da romon baka. Wani zai ce zai sayar muku da mahaɗai dubu, wani zai ce inji zai rubuta muku maƙala ɗari kafin wayewar gari. Ku tambayi waɗanda suka bi wannan hanya. A 2011 gyaran da Google ya kira Panda ya durƙusar da shafukan da ba su da abin kirki a ciki. A 2012 Penguin ya bi ta kan masu sayen mahaɗai. A Maris na 2024 ya fito da doka a kan tara shafuka barkatai don yaudarar injin bincike, ko mutum ne ya rubuta ko inji. Sauri ya haifi nawa.

Gaskiya ne fagen ya ƙara tsauri. Tun Mayun 2024 Google ya fara ɗora amsar ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako, kuma tambayoyin gama-gari da yawa a nan ake gama su ba tare da an shiga shafin kowa ba. Sai dai abin da injin ke iya taƙaitawa shi ne abin da kowa ya riga ya faɗa. Bai zauna da kwastomanku ba, bai ga yadda wata makaranta ta daina rikicin kuɗin zango da manhajarku ba. A Disamban 2022 Google ya ƙara gogewar marubuci da abin da yake magana a kai cikin ma'aunin da masu tantance ingancin shafuka ke dubawa. Wannan gogewa ita ce jarinku.

Kayan aikin ma bai fi ƙarfinku ba. Idan faɗuwar naira tun 2023 ta sa kuɗin manhajojin SEO irin su Ahrefs ko Semrush ya yi muku nauyi, Search Console na Google kyauta ne. Zai nuna muku kalmomin da ake ganinku da su da matsayin da kuke. Ku fara da shafukan da ke ƙasan shafin farko ko saman na biyu, domin gyara kaɗan ke ɗaga su. Ku rubuta farashinku a fili. Ku yi shafin da ke kwatanta manhajarku da ta abokan gasa bisa gaskiya, har da inda suka fi ku. Ku gwada shafin a waya mai araha da data mai rauni, domin Google shafin waya yake dubawa, kuma ɗaya daga cikin ma'aunansa shi ne babban abin da ke shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Sannan ku ƙirga waɗanda suka yi rajista suka biya, kada yawan masu leƙowa ya ruɗe ku.

Saura haƙuri. Tallar biya kamar sayen ruwa ne wurin 'yan garuwa: ranar da ba kuɗi, ba ruwa. Shafin da ya samu gindin zama kuwa rijiya ce a tsakar gida, amma sai an haƙa. A 2017 Maile Ohye ta Google ta ce yawanci ana buƙatar wata huɗu zuwa shekara kafin a ga amfanin wannan aiki. Ku gaya wa oga haka tun farko, ku yi yarjejeniya da shi a kan lokacin, don kada a tsayar da ku ana dab da cin moriya.

Saboda haka ku zage damtse. Litinin mai zuwa ku zauna da mai amsa kwastomomi, ku fitar da tambayoyi goma da aka fi yi masa, ku ɗauki ta farko ku amsa ta yadda mai karatu ba zai buƙaci komawa Google ba. Mako na gaba ku ɗauki ta biyu. Kafin babban kamfani ya gama taron amincewa da shafi ɗaya, kun wallafa huɗu.