AN KAMA ƊANA DA TRAMOL, YA HALATTA IN ƊAUKAR MASA LAUYA?



Bayan sallar isha'i wani dattijo ya tsayar da ni a ƙofar masallaci. Jami'an NDLEA sun kama ɗansa mai shagon kemis da Tramol. Ya ce: "Malam, in na biya lauya ya kare shi, ban taimaka wa ɓarna ba kuwa?" Tambayar ta shafi gidaje da yawa, shi ya sa na kawo amsar nan.

Mu fara da ita ƙwayar. Tramol magani ne na rage raɗaɗi mai tsanani. Wanda likita ya rubuta wa, ya sha yadda aka ce masa, babu laifi a kansa. Wanda ya sha don ya bugu, ya aikata haram. Imam Alƙarafi, cikin manyan malaman Malikiyya, ya bambanta abin da ke sa maye irin na giya da sauran abubuwan da ke gusar da hankali. Na biyun ma haramun ne, sai dai hukuncinsa ta'aziri ne, wato horon da shugaba ya ga ya dace. Ka ga ke nan hukuma tana da hurumin hukuntawa. Mai sayar wa matashin da ya san buguwa zai yi kuwa, yana da kaso a zunubin, kuma kuɗin ba su da albarka.

Abin ba ƙarami ba ne, jama'a. Binciken da aka gudanar a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna kimanin mutum miliyan 4.6 a Najeriya suna shan irin waɗannan magunguna ba don jinya ba. A watan Mayu na shekarar ne gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Tramol ɗin da NAFDAC ta amince da shi mai 50mg ne da 100mg. Wanda aka samu da mai 225mg a shago, wallahi yana da jan aiki a gaban Babbar Kotun Tarayya, inda ake kai irin waɗannan shari'o'i.

To, batun lauya fa? Wakilci a shari'a ya halatta, an ruwaito Sayyidina Ali (RA) yana wakilta ɗan'uwansa Aƙilu a husuma. Kuma ƙa'idar Musulunci ita ce mai tuhuma shi ke kawo hujja. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ma haka ya ce: wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma yana da damar ɗaukar lauyan da ya zaɓa. Akwai wanda aka ba saƙo ya kai tasha bai san abin da ke ciki ba. Akwai majinyacin da ke da takardar likita. Akwai wanda aka tilasta wa sa hannu a bayanin da bai iya karantawa ba. Kare irin waɗannan aikin lada ne. Ko wanda ya yi laifin, yana da haƙƙin kada a ɗora masa fiye da abin da ya aikata, kuma lauya zai iya nema masa sassauci.

Amma akwai iyaka. A Suratun Nisa'i aya ta 105 Allah Ya hana tsaya wa maha'inta. A hadisin Ummu Salama (RA), Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi wanda ya ci shari'a da iya baki alhali ba shi da gaskiya, cewa wuta ya yanko wa kansa. Don haka buga takardar likita ta bogi, sayen shaidar zur, ba da cin hanci don a ɓatar da fayil, duk haramun ne, ko da ɗanka na cikinka ne a tsare.

Na ce wa dattijon: Baba, ka ɗauki lauya, ku gaya masa gaskiya duka. In babu hali, akwai hukumar Legal Aid Council da ke ba marasa ƙarfi lauya kyauta. In yaron ya sayar, ya tuba tsakaninsa da Allah, ya bar sana'ar. In shi ma yana sha, ku nema masa magani a asibiti, kada ku yi masa baki.

Masu kemis, ku ji tsoron Allah. Yaron da ka miƙa wa ƙwaya yau, uwarsa tana can tana kuka, kuma za a tambaye ka gobe ƙiyama.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kuɓutar da wanda aka zalunta, Ya azurta mu da halal. Wallahu a'alam.