Takardar Murabus

A kan duwatsun Alps, inda ƙanƙara ke toshe hanyoyi da hunturu, an yi wata masarauta mai suna Savoy. Ƙarama ce, amma mashigan da ke tsakanin Faransa da Italiya a hannunta suke, don haka sarakunanta suka gwanance da sauya aboki. A cikinsu ba wanda ya kai Victor Amadeus na Biyu wayo. Birninsa Turin Faransawa suka yi wa ƙawanya a 1706 suka koma hannu rabbana. Shi ya samo wa gidansu kambin Sicily a 1713, aka musanya masa da Sardiniya daga baya.

Ɗan da yake ji da shi, agana ta ɗauke a 1715. Wanda ya rage, Charles Emmanuel, uban kallon sanyi-sanyi yake masa.

A 1730 tsohon ya tara fadawa, ya ce ya gaji, ya sa hannu a takardar murabus. Ya ɗauki amaryar da ya aura a ɓoye, ya haye duwatsu zuwa Chambéry, tsohon birnin kakanninsa. Hutu ya yi daɗi na 'yan watanni. Sannan ya lura wasiƙun Turin sun fara ja baya, ana yanke hukunci ba a tambaye shi ba.

Shekara na zagayowa ya sake hayowa, ya sauka a Moncalieri, ya aika a kawo masa takardar nan. Me zai yi da ita, kowa ya sani.

Ɗan ya kira majalisa da dare. Waziri d'Ormea ya nuna masa cewa ƙasa ɗaya ba ta ɗaukar sarki biyu, kuma Faransa na bakin dutse tana jiran baraka. Saurayin da ya girma yana rawar jiki in uban ya yi gyaran murya ya daɗe yana duban alƙalami. An ce da hawaye ya sa hannu, amma dai ya sa.

A daren nan sojoji suka tashi tsohon daga gado suka kai shi Rivoli, fadar da ya yi murabus a cikinta. Amaryar aka tura ta kurkukun Ceva. Ya rasu a tsare a 1732.

Ɗan nan mai sanyi-sanyi kuwa, sai da ya yi shekara 43 a kan karaga.