Ƙaddara da Alhaki a Cikin Matatu

Matatu, wato ƙaramar bas ta haya wadda akasarin mutanen Kenya suka dogara da ita wajen zirga-zirga a Nairobi da tsakanin garuruwa irin su Nakuru da Kisumu, fage ne da tsohuwar muhawarar malaman tauhidi kan ƙaddara take fitowa fili kullum, domin sau da yawa motar da aka rubuta wa sunan Allah a gilashin baya ita ce take sheƙa gudu, kwandasta na lilo a bakin ƙofa yana dukan jikinta.

Idan hatsari ya auku, abin da ke saurin zuwa baki shi ne kwana ya ƙare, maganar da take gaskiya ta fuskar imani, amma idan aka tsaya a kanta kaɗai an kusanci ra'ayin Jabariyya, masu cewa ɗan Adam ba shi da zaɓi ko kaɗan. Abul Hasan al-Ash'ari, malamin ƙarni na 10, ya bi ta tsakiya da abin da ake kira kasbu, wato Allah ne yake halittar aiki, bawa kuma yana ɗaukar alhakinsa saboda shi ya nufe shi. Wahalar ita ce a harkar matatu masu nufin suna da yawa, tun daga mai mota da ya yanka wa direba balas, kuɗin da dole ya kawo kowace rana kafin ya ga nasa, har zuwa jami'in da ya karɓi na goro ya kau da kai. Dokokin ministan sufuri na wancan lokaci, John Michuki, da suka fara aiki a 2004, sun taƙaita gudu zuwa kilomita 80 a sa'a tare da wajabta ɗaura bel, sai dai aiwatarwa ta yi sanyi daga baya.

Fasinja ne aka fi mantawa da shi, alhali shirunsa, wanda yakan ɗauka tawakkali ne, shi ma zaɓi ne. Masana tattalin arziki biyu na Jami'ar Georgetown, James Habyarimana da William Jack, sun liƙa takardu a cikin wasu matatu suna kiran fasinjoji su tsawata wa direba mai ganganci, kuma buƙatun diyyar hatsari da aka kai wa kamfanonin inshora daga waɗannan motoci sun ragu da aƙalla rabi.