Labarin da Ba na Soyayya Ba, Mene ne Sunansa?

Ƴan uwa ɗalibai, ga wata tambaya da za ku ce ta marasa aikin yi ce, amma ni ta hana ni sakat: in mutum ya rubuta labari, kuma soyayya ba ita ce ƙashin bayansa ba, wane suna ya dace a liƙa masa?

Tambayar ta taso mini daga duniyar fanfik, abin da ni nake kira labaran aro. Ka kalli fim ko ka karanta littafi, jaruman sun shiga ranka, labari ya ƙare kai ba ka ƙoshi ba. Sai ka ari jaruman nan ka ci gaba da su da alƙalaminka, ba don kuɗi ba. Ɗaya daga cikin manyan rumbunan irin waɗannan labarai shi ne Archive of Our Own, AO3 a taƙaice, wanda wata ƙungiyar ƴan sa-kai ta buɗe wa jama'a a 2009. Abin da ke ciki ya haura labari miliyan 10. Tari irin wanga in babu alama, tamkar ka shiga babbar kasuwar Maradi ne ka tarar an zube atamfa da tattasai da kayan babur wuri guda. Shi ya sa kowane labari yake da shaida a goshi: daga wane fim ko littafi aka aro, su wa ke ciki, ya dace da yara ko bai dace ba, akwai mutuwa ko zubar da jini. Sannan sai rukuni, guda shida. Biyar suna gaya maka wa ke son wa: mace da namiji, namiji da namiji, mace da mace, mutane da yawa, da wanda bai shiga ko ɗaya ba. Na shidan sunansa "gen". Nan ake zuba labarin da babu soyayya a ciki, ko akwai ta amma a gefe take.

Kalmar ta girmi intanet. A Amurka, tun 1967 masu son shirin Star Trek suka fara fitar da ƴan mujallunsu, ana bugawa da ƙaramin inji a haɗa da hannu, kusan yadda muke yi da ɗan littafin da ke hannunku. A shekarun 1970 wasu suka fara rubuta soyayya tsakanin jaruman shirin biyu, Kirk da Spock, suna raba sunayensu da karkataccen layi, wato Kirk/Spock. Sauran labaran, waɗanda ake ganin na kowa da kowa ne, su aka riƙa kira gen. Daga baya ma'anar ta tsuke, ta koma abin da babu soyayya. Ku lura da kyau: tun asali ba a raɗa wa gen suna don abin da yake ɗauke da shi ba, an raɗa masa ne don abin da ya rasa.

Nan ne abin ya dame ni. In ka ce "tuwo ba miya", ka riga ka yanke hukunci cewa cikakken tuwo shi ne mai miya, wanga kuwa ragagge ne. Haka in aka ba soyayya ɗaki biyar, aka tura duk sauran rayuwar ɗan Adam ɗaki guda, an faɗi wani abu ko da ba a yi niyya ba. A ɗakin nan guda ake cusa uwa da ɗanta, malami da almajirinsa, wa da ƙani, yaƙi, yunwa, makoki, da mutum shi kaɗai yana fama da zuciyarsa. Anya duka waɗannan ragowa ne?

Bari in ba da misali da Naruto, tunda kusan duk mun san shi. A ce na rubuta labari a kan Naruto bayan ya girma, ya tuna malaminsa Jiraiya da ya mutu, dare ya raba ya kasa barci. Shafi goma duk a kan rashin nan ne. A wuri ɗaya kawai matarsa Hinata ta shigo, ta ajiye masa shayi, ta dafa kafaɗarsa ta fita. Layi biyu. To, me zan rubuta a goshin labarin? In na sa Naruto/Hinata, wanda ya zo neman soyayya zai karanta shafi goma yana jira, ya tashi yana jin an yaudare shi. In ban sa ba, akwai mai karatun da ba ya son ganin auren nan ko kaɗan, shi ma zai ce ban gargaɗe shi ba. Dukansu biyu suna da haƙƙi a kaina, kuma ba wasa nake ba. Shaidar nan alkawari ce tsakanina da mutumin da ban taɓa gani ba, wanda zai ba ni lokacinsa, wataƙila har da ragowar kuɗin da ya sa a waya.

Marubutan can sun samo wa kansu dabaru. Wasu sukan sa gen, sannan su ƙara ƴar sanarwa cewa akwai ma'aurata amma a bayan fage suke. Dabarar da ta fi burge ni kuwa ita ce alamar "&". In ka rubuta Naruto & Jiraiya, ka ce akwai dangantaka tsakanin mutanen nan biyu, ita ce zuciyar labarin, kuma ba ta soyayya ba ce. Kun ga bambancin? Gen yana cewa "babu kaza". Ita kuwa wagga alama tana cewa "ga abin da ke akwai". Mai neman labarin malami da ɗalibi yana iya latsa ta ya samu abin da yake so kai tsaye, ba sai ya tona juji ba.

Sai dai akwai jarrabawa, kuma duk mai rubutu ya san ta. Soyayya ta fi jan jama'a. Marubucin da ya kwana uku yana gyaran labarinsa na makoki ya san cewa in ya liƙa karkataccen layin nan, masu buɗewa za su ƙaru. Zai ce wa kansa ai ba ƙarya na yi ba, Hinata tana ciki. Gaskiya ne tana ciki, kamar yadda nama yake cikin miyar da aka jefa wa tsoka ɗaya aka kira ta miyar nama. Ni a ganina wannan algus ne. Kuma ba mai karatu kaɗai aka cuta ba, har da labarin kansa, domin marubucin ya yarda ke nan cewa baƙin cikin ɗalibi a kan malaminsa bai isa ya tsaya da ƙafarsa ba sai an jingina shi da aure.

Kada mu ɗauka matsalar Turawa ce kawai. Littattafan Kano da muka tashi muna aro a hannun yayyenmu mata, sunan da aka yi musu jimla shi ne littattafan soyayya. Amma ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990. Labarin Rabi ne, matar da miji ya kora da ƴaƴa tara, ta riƙa sayar da abinci tana riƙe su. Akwai neman auren ɗiyarta Saudatu a ciki, amma wa zai karanta ya ce shi ne jigo? Duk da haka suna ɗaya ya haɗiye shi. Samari nawa ne suka ƙi taɓa shi don an ce musu karatun ƴan mata ne? A AO3 an ba soyayya ɗaki biyar, mu kuwa gidan gaba ɗaya muka ba ta.

Abin haushin, harshenmu ba matalauci ba ne a wannan fanni. Muna da abota, muna da aminci wanda ya fi ta zurfi, muna da ƙawance, zumunci, maƙwabtaka, riƙo, amana. Muna da wasan taubasai, irin na Barebari da Fulani, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Mutum biyu suna zagin juna kullum a bakin kasuwa, ran da ɗaya ya kwanta ciwo ɗayan ne farkon zuwa. Ko alamar "&" ba ta iya ɗaukar wannan duka, balle gen.

Shi ya sa nake ba ƙungiyarmu shawara: a fitowa ta gaba, ƙarƙashin sunan kowane labari, marubuci ya sa kalma ɗaya ko biyu da ke faɗin dangantakar da labarin ya tsaya a kai, da Hausa, ba tare da "babu" a ciki ba. Nawa na Naruto, in na gama shi, zan rubuta masa: almajirci, makoki. Hinata za ta kawo shayinta ta fita, ba zan ambace ta a sama ba.