Muryar mamaci a cikin memori

A kasuwar Goronyo, ba nisa da masu albasa da tafarnuwa, akwai samarin da sana'arsu ita ce tura waƙa a waya. Ka miƙa memori, ka faɗi sunan mawaƙi, su zuba maka. In ka ce Ɗan Anace ba sa tambayarka wacce kake so, domin sun riga sun ware tarinsu, kuma waƙar ɗan dambe Shago ce kan gaba. Alhaji Muhammadu Bawa Ɗan Anace ɗan ƙasar Gandi ne, cikin Rabah, ya kuma bar duniya tun kafin a haifi waɗannan samari. Ga shi kullum kalangunsa na tashi a tasha, a shagon tela, a bakin fadama.

Wani dattijo da muke sallah sahu ɗaya da shi a Wurno ya taɓa tare ni da wannan magana. Ya ce, "Malam, shi wanga bawan Allah yana kwance, ku kuna ta da shi kullum. Littafin wa aka rubuta ma?" Ba wasa yake yi ba. Hadisi ya tabbata cewa aikin ɗan Adam yana yankewa da mutuwarsa, ban da sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Wani hadisin kuma ya nuna cewa wanda ya assasa abu, mai kyau ko mummuna, yana da rabo daga duk wanda ya bi shi. Malaman da ke ganin kiɗa haramun ne a nan suke kafa hujja: kowane danna waya ƙarin nauyi ne a kan mamaci. Masu sassauci kuma suna cewa a dubi abin da waƙar ta ƙunsa.

Ni ban isa in yanke wannan saɓani ba, tun zamanin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi ake tattauna hukuncin ganga a ƙasar nan. Abin da ya fi tsaya mini a rai wani ne: wa ya yi zaɓen?

Makaɗin baka ba ya rera waƙa iri ɗaya sau biyu. Yau ya ƙara ɗa, gobe ya cire, jibi ya saka sunan wanda ya yi masa kyauta. Ɗan Anace a filin dambe bayan kaka, mahauta sun kewaye, ɗan dambe ya ɗaure hannu yana karkarwa, abin da ya fito bakinsa na wannan yammacin ne. Sai wani ya kafa na'ura ya kama yammaci guda, daga kaset aka mai da shi faifai, daga faifai ya koma memori. Yanzu wannan yammacin shi ne mutumin gaba ɗaya a kunnen jikokinmu. Waƙoƙinsa na noma, masu zuga manomi ya kama fartanya ya ciyar da gidansa, ba su cika shiga sahun farko ba, don ba su ake nema ba. Haka aka yi wa Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991: waƙoƙinsa na Sardauna Ahmadu Bello, ɗan Rabah, da na manyan sarakuna su ne a sama, sauran sai mai tono. Turawa ma haka suke yi, sai dai su da kamfani da yarjejeniya. Janis Joplin ta Amurka ta mutu a 1970 tana da shekara 27, a 1973 kamfanin Columbia ya tattara fitattun waƙoƙinta ya fitar a faifai guda, ba da shawararta ba.

Mai rai yana iya cewa wannan baitin na janye shi, wancan habaicin na yi nadama. Mamaci ba shi da wannan dama. Saboda haka ina ganin ba adalci ba ne mu ɗora masa duk abin da hannunmu ya zaɓa. Alƙur'ani ya faɗa cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, hadisi kuma ya ce aiki da niyya yake tafiya. Niyyarsa ta wancan yammaci tana wurin Ubangijinsa. Niyyar mai turawa da ta mai saurare tasu ce. Wanda ya kunna waƙar Shago don ya tuna mutuwa, wadda Ɗan Anace ke yawan ambato, da wanda ya kunna ta har la'asar ta wuce shi, ba abu ɗaya suka aikata ba.

A Wurno aka binne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1837, kuma waƙoƙin 'yar'uwarsa Nana Asma'u har yau mata na rera su, ba wanda ke shakkar cewa ilimi ne mai gudana. Ashe ba wanzuwar murya ce matsalar ba.

Akwai kuma abin da dattijon bai tambaya ba, wanda fiƙihu bai yi shiru a kansa ba. Ana karɓar kuɗi a kan kowace turawa. Ɗan Anace ya bar magada. Ban taɓa ganin mai turawa ya ware musu ko sisi ba, ni ma da na miƙa memorina ban tambaya ba.