LAIFIN UWA, INA RUWAN ƊAN CIKI?

Yau tambaya nake ɗauke da ita: in alƙali ya ɗaure mace mai ciki, mutum nawa ya ɗaure?

A nan unguwarmu Gidan Dare, mace na fara naƙuda gida ya ɗauka. Wannan ta ruga kiran ungozoma, waccan ta ɗora ruwan zafi, in abu ya ƙi ci a nemi mota sai asibitin mata da yara na Maryam Abacha. Ta sauka lafiya, ga kunun kanwa, ga wankan jego safe da yamma har arba'in. To, wadda naƙuda ta kama tsakar dare a gidan yari, ƙofa a kulle, wa zai riƙe ta?

Na san wata za ta ce ai ita ta jawo wa kanta. Haba 'yar uwa! Mafi yawan waɗanda ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke, ba a ma tabbatar da laifinsu ba. Ko da an tabbatar, hukuncin da aka yanke mata zaman kaso ne. Babu alƙalin da ya rubuta mata jijjiga, ko zubar jini, ko doguwar naƙuda mai barin mace da yoyon fitsari. Shi kuwa ɗan cikin, me ya sata?

Addininmu ya riga ya raba gardamar. Matar nan Bagamidiya da ta kai kanta gaban Manzon Allah (SAW) da ciki, bai bari a zartar mata da hukunci ba sai da ta haihu, ta kuma yaye ɗanta.

Doka ma ba ta yi shiru ba. A 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Ƙa'idojin Bankok, waɗanda suka fifita a nema wa mai ciki hukuncin da ba ɗauri ba in laifin bai yi muni ba. Ƙa'idojin Mandela na 2015 suka ce a yi ƙoƙari ta haihu a asibiti, in kuwa a ciki aka haifi yaro, kada takardar haihuwarsa ta nuna. Dokar gidajen gyaran hali ta Nijeriya ta 2019 ta wajabta gwajin ciki ga mace in an kawo ta, da awo, da wurin renon jarirai.

Sai dai takarda ba ta yanke cibi. Hannu ke yi, hannun ungozoma mai ilmi wadda za ta auna jini, ta ji kwanciyar yaro, ta gane haɗari tun bai iso ba, ba tare da ta tambayi me matar ta aikata ba.

Mu ma da namu rabon. Ƙungiyoyinmu na Islamiyya da na adashi su nemi izinin hukuma, su kai zane, sabulu, gero da kayan jarirai. Dangi kuma kada kunya ta sa su yar da 'yarsu ranar da ta fi bukatarsu.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, na gida da na tsare. Amin.