Ido Amana Ne: Tunani Kafin Aikin Leza

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da ya yi mana baiwar gani, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, tambaya ta yawaita a bakin matasanmu masu sanya tabarau saboda rashin ganin nesa: shin ya halatta a gyara ido da hasken leza, ko kuwa canza halittar Allah ne? Amsar wannan ba ta da nisa. Arfajatu ɗan As'ad, Allah ya ƙara masa yarda, an yanke masa hanci a wani yaƙi na zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa ɗoyi, sai Manzon Allah (SAW) ya umarce shi da ya sa na zinariya. Daga irin wannan ne malamai suka bambance gusar da aibi da canza halitta don neman ƙawa. Wanda ba ya gane fuskar mahaifiyarsa daga ƙofar zaure sai da tabarau, magani yake nema. Halacci dai ya tabbata. Abin da ya fi damuna shi ne matashi ya ji an ce halal ne, ya zaci maganar ta ƙare, alhali a nan ta fara.

Ka san abin da za a yi maka tukuna. Fiye da shekara 1000 ke nan Ibnul Haisam ya zauna a Alƙahira ya rubuta Kitabul Manazir, ya tabbatar da cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. Idon marar ganin nesa yakan zarce kima a tsawo daga gaba zuwa baya, sai hasken ya haɗu kafin ya isa labulen gani da ke can ƙarshen ido, hoto ya fito dishi-dishi. Leza ba ta rage wannan tsawon. Abin da take yi shi ne kankare tagar ido, wato fatar nan garai-garai da ta lulluɓe baƙin ido, har lanƙwasarta ta ragu. Kaurin wannan fata duka-duka bai wuce kimanin rabin milimita ba. A aikin LASIK ana ɗaga siririn murfi daga samanta, a kankare ƙasansa, a mayar da shi; a PRK ana kankarewa daga sama ba tare da murfi ba; a SMILE kuwa ana zaro ɗan yanki ta ƙaramar kafa. Hanyoyi uku, amma sun haɗu a kan abu guda: abin da aka kankare ba ya tsirowa. Tabarau idan bai yi maka ba ka canza shi gobe. Tagar ido kuwa idan an kankare ta, ba a mayar da ita yadda take.

Likita Pallikaris ya fara LASIK a tsibirin Kirit na ƙasar Girka wajen 1990, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1999. Tun daga lokacin an yi wa miliyoyin mutane, kuma mafi yawansu sun ji daɗin sakamakon. Ɓoye wannan rashin adalci ne. Sai dai ɗan shekara 20 yana fatan, in Allah ya yi masa tsawon rai, ya yi shekara 50 ko fiye da idon nan, tsawon da ya zarce shekarun aikin kansa.

Likitoci ba sa yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma suna sharɗanta lambar tabarau ta tsaya cik aƙalla shekara guda. Ga matasa da yawa, musamman masu raba dare kan littafi da waya, lambar kan ci gaba da hawa har bayan 20. Wanda ya yi gaggawa, an gyara masa idon jiya ne, na gobe kuwa zai sake neman tabarau. Akwai kuma cutar da ake kira keratokonas, inda tagar ido ke sirancewa ta tsiro gaba kamar kan tulu. Takan ɓulla ne a ƙuruciya, wani lokaci a ɓoye, kuma tana da alaƙa da yawan murza ido. A nan nake tsayawa, domin wa bai san yaranmu da ƙaiƙayin ido ya dame su ba, masu murzawa dare da rana har farin idon ya rine? Wanda ya tashi da wannan ya gaya wa likita tun bai tambaya ba, ya kuma dage a yi masa taswirar tagar ido da awon kaurinta. Kankare fatar da ta riga ta raunana kan jawo lalacewar da tabarau ma ba zai gyara ba. Likitan da ya ce maka idonka bai dace ba, ka yi masa addu'a, ya riƙe amana.

Sannan leza ba ta hana tsufa. Bayan shekara 40 kusan kowa yakan fara nisanta Mus'hafi daga fuskarsa kafin baƙaƙe su fito. Mai ɗan rashin ganin nesa yana da wata ni'ima a nan da bai sani ba: ya cire tabarau ya karanta da idonsa. Wanda aka gyara wa ya sallama wannan, zai nemi tabaran karatu kamar kowa. Haka mai babbar lamba, tsawon idonsa yana nan, haɗarin ɓallewar labulen gani bai gushe ba, zuwa asibiti a duba shi bai faɗi a kansa ba. Bushewar ido takan biyo bayan aikin na wasu watanni, wasu kuma ta zauna musu. Wasu sukan ga fitilun mota da dare sun yi kewaye kamar wata ya yi sansani.

Ka binciki niyyarka kuma. Wanda tabarau ke hana wa sana'arsa, ko lambarsa ta yi nauyin da ba ya iya zuwa alwala da asuba sai da laluben bango, uzurinsa a fili yake. Wanda kuwa tsokanar abokai ce ta ishe shi, suna ce masa mai ido huɗu, ya sani tsokana tana wucewa, kuma bai kamata a biya ta da tsokar jiki ba.

Idan ka ji ta bakin likita biyu, ka shawarci iyayenka, ka yi istihara, zuciyarka ta natsu, to ka dogara ga Allah ka zaɓi lokaci da hankali. Makonnin farko bayan aikin na ɗiga magani ne sau da yawa a wuni, kuma a mazhabar Malikiyya abin da aka ɗiga a ido idan ya kai maƙogwaro yana karya azumi, don haka ka kauce wa Ramadan. Ka kauce wa hunturu ma, saboda ƙura da bushewar iska. Ka tambayi likita yadda za ka wanke fuska a alwala ba tare da ruwa ya shiga ba, da ranar da za ka iya komawa sanya kwalli.